Maraƙin da Ya Zo da Cuta Daga Ciki

A shirinmu na wannan mako mun tattauna kan wata cutar shanu da likitocin dabbobi ke kira BVD, wato gudawar shanu mai ƙwayar bairas. Ga taƙaitaccen bayanin ga wanda bai samu saurare ba.

Wataƙila ka taɓa ganin haka a garkenka: shanu suna ɓari, wasu a yi barbara ciki ya ƙi tsayawa, maruƙa kuma kullum cikin zawo da tari. Ka yi allura, ka ba da magani, abin ya lafa ya dawo. Dalilai da yawa na kawo haka, amma akwai ɗaya da ido ba ya kamawa: dabba guda da aka haifa da ƙwayar a jikinta.

Ga yadda abin ke faruwa. In babbar saniya mai lafiya ta kamu, yawanci cikin mako biyu zuwa uku jikinta ya kori ƙwayar. Matsalar tana ga mai ciki. In ta kamu tsakanin wata ɗaya da wata huɗu na cikin, wato kafin kwana 125, ƙwayar kan ratsa zuwa ga ɗan tayin. A lokacin garkuwar jikinsa ba ta ƙosa ba, sai ta ɗauki ƙwayar a matsayin wani ɓangare na jikinsa, ba ta yaƙe ta. Uwa ta warke, shi kuwa a haife shi da ita har mutuwarsa. Kullum yana zubar da ita ta miyau, majina, fitsari, kashi, nono da maniyyi. Duk inda aka haɗu a mashaya ko a kara, ya raba wa na kusa.

Irin waɗannan ba su da yawa, galibi ɗaya ko biyu cikin ɗari, ko ma ƙasa da haka. Amma guda ɗaya ya ishi garke. Wasu sukan tsumbure, gashi a hargitse, su mutu kafin shekara biyu da gyambon baki da zawo mai tsanani, wanda dattawa za su ce ya yi kama da bushiya, duk da an sanar da kawar da bushiya daga duniya a 2011. Wasu kuwa sumul, ko dillalin da ya tsufa a kara ba zai gane ba. In mace ce ta girma, duk ɗan da ta haifa da ƙwayar zai zo.

To, yaya ake gano shi? Da gwaji kawai. Likitan dabbobi yakan yanki ɗan guntun fatar kunne, bai kai tsagar shaida ba, a aika ɗakin bincike. Ga jaririn maraƙi kunne ya fi jini, domin dakashin da ya sha kan ɓoye ƙwayar a wasu gwaje-gwajen jini. In an samu ƙwayar, a ware shi, a sake gwadawa bayan mako uku. In ta ɓace, kamuwar wucin gadi ce. In tana nan, shi ne.

Ka fara da maruƙa, tun kafin a saki bijimi cikin mata. Maraƙin da ya fita lafiya ya wanke uwarsa. Wanda aka samu da ita, a gwada uwar. Sannan bijimai, da duk dabbar da ka sayo. Ka tambayi likitan dabbobi na yankinka inda za a kai samfur. Muna da manyan ɗakunan bincike irin na Vom kusa da Jos, da LABOCEL a Yamai, da LANAVET a Garwa.

Kai kuma mai sayen karsana mai ciki a Maigatari ko Illela, ka kula: uwa tana iya fita lafiya a gwaji alhali ɗan cikinta na ɗauke da ƙwayar. Ka bar ta ta haihu nesa da masu ciki, a gwada ɗan kafin ya shiga garke.

Maganar da ba ta da daɗi ita ce, wanda aka tabbatar ba ya warkewa. Ba allurar da ke fid da ita, rigakafi ma sauran garke yake karewa. Hanyarsa mayanka. Cutar ba ta kama mutum. Da haka Suwidin da Norwe suka rabu da ita, Jamus kuma ta wajabta gwajin maruƙa a 2011.

Mun san rabuwa da dabba akwai ciwo, kuma zuciya za ta ce ka kai shi kasuwa ka yi shiru. Amma wanda ya saya maƙwabcinka ne a rijiya, da rani shanunku za su sake haɗa baki a ruwa ɗaya. Ka sayar wa mahauci, ka faɗa masa gaskiya.

Allah Ya albarkaci garke, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.