Darasin Tsuntsayen Dagona

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, wani zai ce me ya kai malami yawon kallon tsuntsaye? To, a saurara.

Da hunturu, bayan sallar asuba, wani ma'aikacin gandun daji ya zaga da mu bakin ruwan Dagona, a ƙasar Bade ta Jihar Yobe, cikin fadamun Haɗeja da Nguru. Ya hana mu hayaniya, ya miƙo madubin hangen nesa. Ga ɗinya, ga kirinjijiya, ga zalɓe, ga kuma baƙin da su ka ƙetaro Sahara daga Turai ba guzuri. Nan na tuna aya ta 38 cikin Suratul An'am, wadda ta sanar da mu cewa tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu.

Keɓe wuri don kiyaye shi ba baƙon abu ba ne a Shari'a. Sunansa hima, kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina.

Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da ke malala cikin fadamun ya ragu. Ya kai ma'aikaci, rabon ruwan nan amana ce a wuyanka. Ya kai ɗan kasuwa, kada ka sayi tsuntsun da aka kama a wurin da hukuma ta keɓe, domin mai saye abokin mai kamu ne.

Allah Ya sa mu dace, amin.