Abinci Mai Kare Lafiya: Ma'anarsa da Sunansa a Hausa

A wurin Bahaushe abinci daban, magani daban: wannan don yunwa, wancan don cuta. Amma masanan kimiyya sun ware wani rukuni da ya faɗo tsakanin biyun nan, watau abinci na yau da kullum wanda, ban da ƙosarwa da gina jiki, an jarraba an tabbatar yana gyara wani aiki na jiki, ko rage hatsarin kamuwa da wata cuta. Malamin da zai koyar da wannan da Hausa tilas ya sama masa suna, suna kuwa ba ya dacewa sai an fahimci abin da a ke raɗa wa.

A Japan a ka fara ba rukunin nan matsayi a doka, a 1991, inda a ka ce mai sayar da abinci ba zai ambaci amfaninsa ga lafiya ba sai ya kawo hujja hukuma ta duba. Tunanin kansa kuwa ya girmi dokar. Tun 1907 Metchnikoff, masanin nan ɗan Rasha da ke aiki a Paris, ya danganta tsawon ran manoman Bulgariya da shan nono mai tsami. Zato ya yi, bai tabbatar ba.

To, me a ka tabbatar? Ga misali, madara tana da wani sukari, laktos, wanda yawancin manyan mutane a duniya ba sa iya narkar da shi sosai, sai ya sa musu kumburin ciki da gudawa. Ƙwayoyin halittar da ke tsamantar da yogot su kan taimaka wajen narkar da shi a hanji. Hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta yarda da wannan a 2010, bisa sharaɗin a sami ƙwayoyi masu rai miliyan 100 a kowane giram. Sauran amfanonin da a ke jingina wa irin ƙwayoyin nan kuwa, ta ƙi su don ƙarancin hujja. A lura fa, kan yogot a ka yanke hukuncin, ba kan kowane kindirmo da ke ƙwarya ba, ko da ya ke hanyar tsamantarwar ɗaya ce.

Haka kuma hatsin Turawa da a ke kira ot yana da wani yauƙi, kama da na kuɓewa a ido, wanda ke riƙe ruwan maɗaciya a hanji ya fita da shi. Sai hanta ta jawo kolastarol, watau wani maiƙo da ke cikin jini, don ta yi sabon ruwan, ta haka maiƙon ya ke raguwa. Amurka ta amince da wannan a 1997, a kan giram 3 na yauƙin kowace rana.

Saura suna. Na ji wasu suna cewa "abinci mai magani". A ganina wannan zai ɓatar da ɗalibi, gama kalmar magani a Hausa tana da faɗi ƙwarai: ta haɗa da na asibiti, da sassaƙe, da laya. Wanda ya ji ta zai ɗauka abincin yana warkar da cutar da ta riga ta kama shi, har mai ciwon zuciya ya bar ganin likita ya koma shan kunun ot. "Abinci mai gina jiki" kuwa an riga an ba shi wata ma'ana a littattafan makaranta. Saboda haka na zaɓi "abinci mai kare lafiya", domin aikatau kare yana nuna abin da a ke yi tun cuta ba ta zo ba.