Kitson Kaka: Aikin da Ke Jiran Matasan Boɗinga da Shagari

A ƙasar Sakkwato, kai tsoho gidan rainon tsofaffi abin kunya ne ga zuri'a. A Boɗinga da Shagari kaka tana ɗakinta a cikin gida, ana kai mata tuwo da fura. Sai dai ciyarwa ba ita ce dukan kulawa ba. Da zarar an gama girbi, samari sun tafi cirani Legas ko Abuja, matan gida suna fama da daka da raino, yara suna makaranta. Tsohuwa kan wuni ba wanda ya zauna da ita, ban da mai leƙowa ya ce "Inna, ina kwana?" ya wuce.

Likitoci ba sa ɗaukar wannan kaɗaici da wasa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman a kansa, domin bincike ya danganta shi da ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon damuwa da ruɗewar tsufa. A Amurka, tun shekarar 2000 ƙungiyar GlamourGals take tura 'yan makarantar sakandare gidajen tsofaffi, suna gyara musu farce, suna yi musu kwalliya, suna hira da su.

Mu ba sai mun aro ba. Wasan jika da kaka ya riga ya share hanya: jika mace kishiyar kakarta ce, namiji kuwa "mijinta". Abin da 'ya ba za ta iya faɗa wa uwa ba saboda kunya, jika za ta faɗa cikin raha: "Kishiya, wannan kai naki ya kai wata biyu ba tsifa." A yi dariya, a ɗauko mataji. Tarihi ma yana nan. 'Yan Taru da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta kafa, tsofaffin mata ne da 'yan mata suke tafiya tare neman ilimi. Shehun kuwa ya zauna a Sifawa, cikin Ƙaramar Hukumar Boɗinga ta yau, kafin ya koma Sakkwato a 1815.

Amfanin gyaran jiki ya wuce ado. Fatar tsoho tana yin siriri, maiƙonta yana raguwa, shi ya sa hunturu ke kawo masa kaushi da faso. Yarinyar da ta jiƙa ƙafar kakarta a ruwan ɗumi, ta shafa mata man kaɗe, ta ƙunsa mata lalle, ita za ta fara ganin miki ko kumburin da ido mai yana ba ya gani. Mai kitso za ta lura da kwarkwata ko ƙuraje. Saurayin da ya raka kakansa wurin wanzami zai gane ko tafiyarsa ta canja.

Akwai abin kiyayewa. Mai ciwon sukari yakan rasa jin zafi a ƙafa, ƙaramin yanka ya zama gyambo. Kada a yanke masa farce da reza, kada a sa ƙafarsa a ruwa mai zafi, in an ga rauni a kai shi asibiti. Kitson tsohuwa kada a ja shi da ƙarfi. Baƙin lalle mai sinadari yana iya ƙona fata. Na ganye ya fi.

Najeriya tana da Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa, wadda aka sa hannu a dokarta a 2018, amma wannan aiki ba ya jiran Abuja. Makarantun Islamiyya da 'yan agaji za su iya raba ɗalibai unguwa-unguwa, mata ga mata, maza ga maza, da izinin masu gida, ko da ranar Alhamis ce kawai. A fara da gwauraye da waɗanda ba su da ɗa ba su da jika a kusa, domin su ne ba a cika leƙawa ba.