Katin Awon Yaro Ba Takardar Ƙunshe Ƙosai Ba Ce

Na gaji da jin "ai gado ne, duk gidanmu gajeru ne." Yaro ɗan shekara biyar, ka gan shi kamar ɗan biyu, uwa ta ce gado, kaka ta ce an tsallake shi ne yana kwance. Shi ke nan, an kashe maganar.

Gajartar gado akwai ta, ba musu. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Duk wannan gado ne? Wa ya sani ko uban ma tsumburewa ya yi yana ƙarami, aka ɗauka halitta ce? Koko tsura safe da yamma, gudawa a kai a kai, yaye ba shiri, su muke gada, mu laƙa wa jini.

Likita ba da ido yake yanke hukunci ba. Tsawo yake aunawa, ya gwada da ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006. A kundin cututtuka na ICD-10 ma kowace gajarta da lambarta: ta ƙarancin abinci E45, wadancin ƙashi Q77.4, kuma abin da aka rubuta a fayil shi likita na gaba zai bi. Sikila da ƙarancin sinadarin girma su ma suna kawo gajarta.

To amma awo ɗaya bai isa ba. Sai an jera na watanni kafin a gane ko yaro na tafiya a hankali ne ko ya tsaya. Nan katin awo yake da rana, katin da muke bari ɓera ya ci, ko a ƙunshe ƙosai da shi. Uwa, ki adana shi cikin leda. Duk zuwa asibiti ki ce a auna tsawo, ba nauyi kaɗai ba, a rubuta da kwanan wata. Ki sa ƙuli-ƙuli, wake, ƙwai ko zogale a abincin yaro, musamman kafin ya cika shekara biyu, don bayan nan gyara na da wuya. Maganin ƙarin tsawo da ake talla a Facebook kuwa, ki riƙe kuɗinki. Wasu ƙwayoyin "sha ka fashe" ma hana yaro tsawo suke yi.

Maigida, kai ma tambayi inda katin yake yau.