Masanin magani a Damagaram da nisan muryarsa daga Yamai

Dokar magani ta Nijar ta 10 ga Janairun 1997 ta ɗora wa masanin harhaɗa magunguna nauyin duk abin da ya fita daga farmasinsa. Shi ke duba takardar likita, shi ke kula da ranar lalacewar kowane kwali, kuma shi za a tuhuma in aka sami kuskure. A Damagaram, yawanci shi kaɗai ke ɗauke da wannan nauyi.

Kaɗaicin yana da tushe. Shekaru da dama masu wannan ilimi a waje suke karatu, a Dakar ko Bamako ko ƙasashen Magrib, kuma in sun dawo akasarinsu Yamai suke zama, inda ma'aikatar lafiya da manyan dillalan magani suke. Daga can zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne. Wanda ya buɗe farmasi a nan yakan wuni tsakanin masu sayarwa da shi ya koya musu aiki. In takarda ta zo da adadin ƙwayoyin da ya yi wa yaro yawa, ko magunguna biyu da ba sa jituwa, babu tsaransa a kusa da zai yi shawara da shi, sai dai ta waya. Makon da gadi ya faɗo kansa kuwa, ƙofa a buɗe take har asuba. A garuruwa da yawa na yankunan Tanut da Gure, kantin magani na hannun wanda bai yi zurfin karatun ba.

Ga kuma kishiya a bakin ƙofa. Kano ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba, kuma ta hanyoyin Magariya da Matamaye magani ke kwararowa ba takarda. Tun da darajar sefa ta faɗi da rabi a Janairun 1994, magani ya yi tsada, talaka ya koma wajen mai tire. Shi yana sayar da ƙwaya ɗai-ɗai, wadda ta sha rana a kasuwa, ana kiranta da launinta maimakon sunanta, tramol kuma na ƙarƙashin tiren. Mai farmasi na biyan haraji, farashinsa ƙayyadadde ne, amma a idon mai saye shi ne mai tsada.

Ƙasar ta san illar jabun magani. A annobar sanƙarau ta 1995 an yi wa dubban mutane allurar rigakafin jabu, kuma a 2015 da 2017 da 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake yin gargaɗi kan irin wannan allura a Nijar. Hukumomi dai akwai su: ONPPC, da aka kafa a 1962 don wadata ƙasa da magani, da ɗakin bincike na LANSPEX mai gwada inganci. Nijar na cikin ƙasashen da suka shiga yunƙurin Lome na 2020 don tsananta hukunci kan masu fataucin jabu. Sai dai a babban birni ake zaman tsara doka, kuma mai farmasi ɗaya tilo ba zai bar kanti kwana uku don taron yini guda ba.

A tsarin masarautar Damagaram, sana'o'i kamar wanzanci da ƙira suna da sarakunansu masu kai kuka fada. Majalisar ƙwararru da ƙungiyar masu farmasi su ne makwafin wannan a yau, amma ƙarfinsu a jihohi bai kai na Yamai ba. Asarar kuwa ta hukuma ce, domin wanda ke bayan kanta shi ke fara ganin kwalin da rubutunsa ya karkace, shi ke fara jin majiyyaci na cewa maganin zazzaɓin bai yi aiki ba. Rukunonin WhatsApp sun sa gargaɗi na isa Damagaram cikin sa'o'i. Abin da har yanzu ke tafiyar hawainiya shi ne rahoton da ke tashi daga jiha zuwa teburin masu rubuta doka.