Agogon Cikin Kaset: Yadda Wasan Pokémon Ya San Dare da Rana

A ranar 21 ga Nuwamba, 1999, kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da wasannin Pokémon Gold da Pokémon Silver, waɗanda ake yi a 'yar na'urar hannu mai suna Game Boy Color. Su ne suka gaji wasan farko na 1996, inda mai wasa yake yawon kama halittu iri 151, ya horar da su, sannan ya haɗa su faɗa da na abokin karawarsa. A sabon wasan an ƙara iri 100, suka zama 251. Amma abin da ya fi dacewa ɗalibin kimiyya ya lura da shi shi ne agogon da aka dasa a cikin kaset ɗin.

Wanda ya ƙirƙiro Pokémon, Satoshi Tajiri, ya tashi ne a Machida, gefen birnin Tokyo, yana farautar ƙwari a kududdufai da gonaki, kafin gine-gine su cinye wuraren. Duk yaron da ya girma a bakin magudanan ruwan Kura ko Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da shinkafa da tumatir, ya san abin da Tajiri ya sani: kowace halitta da lokacinta. Mazari da rana yake shawagi, jan-baki da safe da yamma suke far wa shinkafa, kwaɗi da mujiya sai bayan magariba. Ƙwaron nan Tuta absoluta, wanda tsutsarsa ta halaka tumatir a Kano a 2016, shi ma da dare yake tashi.

Wannan tsari ne aka kwaikwaya. Wasan ya raba yini uku: safiya daga ƙarfe 4 zuwa 10, rana zuwa ƙarfe 6 na yamma, sauran kuma dare. Hoothoot, mai kamar mujiya, ba ta fitowa sai da dare. Har ranakun mako wasan ya sani, domin gasar kamun ƙwari da ke cikinsa Talata da Alhamis da Asabar kaɗai ake yin ta.

To, yaya kaset ke sanin lokaci alhali an kashe na'ura? A cikinsa akwai ɗan mitsitsin dutsen kwaz, irin na agogon hannu. Idan lantarki ya ratsa shi, sai ya riƙa kaɗawa sau 32,768 a kowace daƙiƙa. Ba da ka aka zaɓi wannan adadi ba. Idan aka raba shi biyu, aka sake raba sakamakon biyu, har sau 15, ɗaya ne zai rage, kuma rabawa biyu ita ce lissafi mafi sauƙi ga da'irar lantarki. Wannan ɗayan shi ne daƙiƙa guda. Malami na iya gwada wannan a allo cikin minti biyu.

Sai dai dabarar ta zo da tsada. Batir guda ne, mai siffar kwabo da ƙarfin bolt 3, yake ciyar da agogon, kuma shi ne yake riƙe ma'adanar da ke ajiye halittun da mai wasa ya tara. Ma'adanar irin wadda ke mantuwa ce da zarar wuta ta yanke. A kaset ɗin 1996 ajiya kawai batir ke riƙewa, don haka yakan daɗe ƙwarai. A na 1999 kuwa dutsen ba ya hutawa dare da rana, sai batir ya riƙa mutuwa da wuri, ya tafi da wahalar watanni. Canza shi ma yakan share ajiyar, sai fa in gyaran ya faɗa hannun gwanin da ya san yadda zai riƙe wutar yayin da yake ɗinke sabon da dalma.

Da aka sabunta wasan a 2009 da sunan HeartGold da SoulSilver, an koma ga ma'adanar da ba ta buƙatar batir, lokaci kuma aka bar wa agogon na'urar Nintendo DS.