Ɗakin Karatu na Jami'a: Dokokinsa da Dalilansu

Idan kana zaune a Matamaye, jami'ar jiharka ita ce ta Damagaram. An kafa ta a shekarar 2010, tare da ta Maraɗi da ta Tawa. Kafin wannan lokaci, a Yamai ne kaɗai ake da jami'ar gwamnati, kusan kilomita 900 daga Damagaram. Yanzu ana kiran jami'ar Damagaram da sunan André Salifou, masanin tarihi haifaffen garin, wanda ya shugabanci babban taron ƙasa na 1991.

Wataƙila ɗanka ko ƴarka na karatu a can. Wataƙila kuma kai da kanka, tun da ka shiga ajin yaƙi da jahilci, kana marmarin ganin littattafai masu yawa wuri guda. Ko wanne ne, ya kamata ka san dokokin ɗakin karatu, wato wurin da masu jin Faransanci ke kira bibliyotek, mutanen Najeriya kuma suke kira laburare.

Mene ne ɗakin karatu?

Ka tuna da bankin hatsi na ƙauye. Hatsin ba na mutum ɗaya ba ne. Wanda ya ara da damina yana biya da kaka, domin wani ma ya samu baɗi. Idan masu aro suka ƙi biya, sai rumbu ya zama fanko. Haka ɗakin karatu yake. Littattafan jami'a suna da tsada, kuma da yawa daga ƙasashen waje ake sayo su. Sau da yawa kwafi ɗaya ko biyu ne ɗalibai masu yawa suke jira. Don haka kowace doka da za ka gani a ƙasa an yi ta ne domin kare haƙƙin wanda zai zo bayanka.

Kafin ka shiga

Ɗalibi yana shiga da katinsa na jami'a ko da katin ɗakin karatu. Katin naka ne kai kaɗai. Kada ka ara wa kowa, domin duk littafin da aka ɗauka da shi, a wuyanka yake.

Idan kai ba ɗalibi ba ne, ka tafi da katinka na ɗan ƙasa, ka gai da ma'aikacin da ke bakin ƙofa, ka faɗa masa abin da kake nema. Wasu jami'o'i suna barin baƙo ya karanta a ciki bayan ya sami izini, ko da ba za su ba shi aro ba. Kada ka ji kunya, matambayi ba ya ɓata.

Za a iya cewa ka ajiye jakarka a waje, ko kuma a duba ta lokacin fita. Wannan ba zargi ba ne, kowa ake yi wa. Amma ka riƙe kuɗinka da wayarka a jikinka.

Idan ka shiga

- Ka yi shiru. Ka kashe ƙarar waya. Idan kira ya zama dole, ka fita waje.
- Kada ka shiga da abinci, goro ko ruwa. Ɓurɓushin abinci yana jawo ɓera da kyankyaso, su kuwa suna cin takarda. Ruwa yana manne shafuka.
- Ka taɓa littafi da hannu mai tsabta. Kada ka lashi yatsa don buɗe shafi.
- Kada ka yi rubutu a ciki, kada ka lanƙwasa shafi. Ka sa ƴar takarda inda ka tsaya.
- Kada ka yage shafi. Wanda ya yage shafi ɗaya ya cuci duk masu karanta littafin har ƙarshensa.

Yadda ake neman littafi

Ba a jera littattafai barkatai. Kowanne yana da lamba a gadon bayansa, wadda ke nuna mazauninsa a kan kanta. Ɗakunan karatu da yawa a duniya suna bin tsarin da wani Ba'amurke mai suna Melvil Dewey ya fitar a 1876. Ya raba ilimi gida goma. Misali, addini yana lamba 200, harsuna 400, tarihi da labarin ƙasa 900. Kiwon lafiya yana 610, noma kuma 630. Manomin Matamaye da ke son ƙarin sani a kan noman rake, ko a kan amfanin barin gawo a gona, zai fara dubawa daga 630.

Idan ka gama karatu, ka bar littafin inda ma'aikata suka nuna, su mayar da shi da kansu. Littafin da aka sa a mazaunin da ba nasa ba kamar ɓatacce ne, ko da yana cikin ɗakin.

Dokokin aro

Ba kowane littafi ake fita da shi ba. Ƙamus, jaridu da kundin binciken ɗalibai a ciki ake karanta su. Tsofaffin rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, irin waɗanda aka adana a cibiyar bincike ta IRSH a Yamai, su ma ba sa fita, domin idan suka lalace ba a samun madadinsu.

Kowane ɗakin karatu yana da nasa adadin littattafan aro da kwanakin riƙe su. Ka rubuta ranar mayarwa inda za ka riƙa gani. Idan ba ka gama ba, ka koma a sabunta maka. Mai jinkiri yakan biya tara, ko a dakatar da shi daga aro. Wanda ya ɓatar da littafi yakan sayo wani ko ya biya kuɗinsa. A jami'o'i da yawa, ba a ba ɗalibi takardar shaidar gama karatu sai ɗakin karatu ya tabbatar ba ya bin sa komai.

A gida, ka ajiye littafin aro a wuri mai tsayi, nesa da gara, da yoyon damina, da hannun yara. Lokacin hunturu ka sa shi cikin jaka saboda ƙura.

Kwamfuta da injin kwafi

Idan akwai kwamfuta da intanet, don karatu aka tanade su. Ka tashi idan lokacinka ya cika, domin wani na jira. Kada ka faɗa wa kowa kalmarka ta sirri, kuma ka rufe shafinka kafin ka tashi. Ana iya kwafe ƴan shafuka don nazari, amma kwafe littafi sukutum tauye haƙƙin marubuci ne. Wanda kuma ya ɗauko magana daga littafi ya sa a aikinsa, wajibi ne ya ambaci sunan mai ita.

Abin da za ka iya yi tun yau

Idan ɗanka ko ƴarka ta dawo hutu Matamaye, ka tambaya ko akwai littafin jami'a a cikin kaya, da ranar da ya kamata a mayar da shi. A ajinku na yaƙi da jahilci kuwa, ku tara ƴan littattafan da kuke da su cikin akwati guda. Ku sami littafin rajista, ku riƙa rubuta sunan mai aro, da ranar ɗauka, da ranar mayarwa. Wanda ya saba riƙe amanar wannan ƙaramin akwati, dokokin ɗakin karatu na jami'a ba za su ba shi wuya ba.